Tsakanin Katolika da addinin Buda: amsa ga ɗalibin da zuciyarsa ta rabu biyu

Wani matashi ɗan Kafanchan da ke karatun harhaɗa magunguna a birnin Pune na ƙasar Indiya ya aiko mini da tambaya. A taƙaice ga abin da ya ce: a gidan Katolika ya tashi, an yi masa baftisma yana jariri, har ya yi hidimar bagade yana yaro. Bara mahaifinsa ya rasu yana can, bai samu zuwa jana'iza ba. Addu'a ta ƙi fita daga bakinsa, barci ya ƙaurace masa. Sai wani abokin karatunsa ya kai shi halwar kwana 10 ta Vipassana, wato zaman shiru na natsar da zuciya da ya fito daga addinin Buda, a garin Igatpuri, inda ya samu natsuwar da ya ce bai taɓa samun irinta a coci ba. Yanzu yana so ya san wanne ne gaskiya cikin biyun, kuma ko zai iya riƙe su duka.

Ɗana, kafin komai ina yi maka gaisuwar rashi. Allah ya ba Baba hutawa ta har abada, ya ba Mama da ku duka haƙuri. Rashin uba a baƙuwar ƙasa, ba wanda zai zo ya zauna da kai a tabarma ya ce maka "ya haƙuri", ba ƙaramin abu ba ne.

Ka san da wa kake magana: ni ɗan Katolika ne, kuma na daɗe ina koyar da nazarin addinai. Na taɓa zama na 'yan watanni a Kandi ta Siri Lanka ina karatu a gaban sufayen Buda, na ci abincinsu, na ga yadda suke rayuwa. Ina girmama su har zuciyata. Saboda haka zan faɗa maka abin da kowane ɓangare ya yi imani da shi yadda masu shi za su ji su ce na yi musu adalci, sannan in faɗa maka nawa ra'ayin a fili.

Natsuwar da ka samu a Igatpuri ta gaske ce, kada kowa ya ce maka ruɗi ne. An tashe ka ƙarfe 4 na asuba, ka zauna kusan awa 10 a rana, ba magana, ba waya, ba littafi. Kwana uku na farko numfashinka kawai kake bi, daga rana ta huɗu kana bin abin da jikinka ke ji daga tsakar ka zuwa tafin ƙafa. Ruwan da aka ɗebo daga rafi, in aka bar shi a randa ba a taɓa ba, dole ya kwanta. Haka zuciya take. Amma ka lura da abin da ka ɗora a sikeli. A gefe ɗaya ka sa halwar kwana 10, wadda ita ce kitsen abin da wancan addini ke bayarwa. A ɗaya gefen ka sa Lahadin da ka saba tun kana yaro: ganguna, sanarwa mai tsawo, baiko na biyu, wa'azin da hankalinka ke tafiya wani wuri. Wannan awo bai yi daidai ba. Ikilisiya tana da nata halwar, kuma tsohuwa ce. Antoni ya shiga hamadar Masar ya zauna shi kaɗai shekaru da yawa, ya rasu a 356. Ignatiyus na Loyola ya tsara halwar shiru ta kwana 30 wadda har gobe ana yinta. Yohanna na Gicciye, wanda ya rasu a 1591, ya yi bayani mai zurfi a kan lokacin da addu'a ke bushewa mutum ya ji kamar Allah ya yi nisa, wato daidai halin da ka shiga. In ba a taɓa nuna maka wannan ɗaki na gidanku ba, laifinmu ne mu masu koyarwa, kuma abin yana damuna.

Haka nan in ka juya sikelin. Ɗan Tailan da ya tashi yana ganin mutane na rataya layun Buda a wuya suna neman sa'ar caca, in ya shiga gidan sufayen Katolika ya ji shirunsu, zai iya cewa nan ne addini na gaske. Kuma kowane ɓangare yana da abin kunyarsa. A 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash, akwai kuma sufayen Buda da suka hura wutar ƙiyayyar. Mu kuma muna ɗauke da laifin limaman da suka ci amanar yara da shugabannin da suka rufa musu asiri. In za ka gwada, ka gwada waliyi da waliyi, koyarwa da koyarwa.

Daga waje kamannin suna da yawa, har su kan ruɗi mutum. Duka biyun suna da maza da mata da suka bar aure da dukiya suka shiga zuhudu. Sufin Theravada, ɗaya daga manyan rassan addinin Buda, yana bin dokoki 227, ba ya cin abinci bayan rana ta take, kuma duk mako biyu sufaye kan taru a karanta dokokin bayan kowa ya furta kuskurensa. Suna da carbi mai 'ya'ya 108, mu muna da rozari, maƙwabtanmu Musulmi suna da tasbaha. Akwai turare, ƙararrawa, ziyarar wurare masu tsarki. Har labarin Buda kansa ya taɓa shigowa cikin jerin waliyan Kirista ba a sani ba: labarin ɗan sarkin Indiya da aka killace a fada don kada ya ga tsufa da ciwo da mutuwa ya bi ta Larabci da harshen Jojiya da Girkanci, ya fito da sunan Waliyi Yosafat, ana tunawa da shi ranar 27 ga Nuwamba. Sai a ƙarni na 19 masana suka tabbatar da asalinsa.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Faransis Zabiya, wanda gawarsa ke Goa kusa da kai, ya sauka a Kagoshima ta Japan a 1549. Tafintansa ya ba shi kalmar "Dainichi" a matsayin sunan Allah, ya yi ta wa'azi da ita, sufayen ɗarikar Shingon suna maraba da shi don sun ɗauka nasu ne. Da ya gane Dainichi sunan wani Buda ne a koyarwarsu, ba Mahalicci ba, sai ya watsar da kalmar ya koma ga "Deus" ta Latin. Kalma ɗaya aka yi ta faɗa, kowa da abin da yake nufi. Wannan tarko yana nan har yau ga duk mai cewa "ai duk abu ɗaya ne".

Inda hanyoyin suka rabu, labarai biyu za su nuna maka shi fiye da duk bayanin da zan yi, kuma duka biyun a kan rashi suke.

A zamanin Buda akwai wata mata mai suna Kisa Gotami. Ɗanta tilo ya mutu, baƙin ciki ya juya mata hankali, ta rungumi gawar tana bin gida gida tana neman magani. Aka tura ta wurin Buda. Ya ce mata ta samo masa ƙwayar mastad daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta shiga gari. Kowane gida akwai mastad, kuma kowa a shirye yake ya ba ta, amma da ta tambaya sai a ce mata an rasa uba, an rasa miji, an rasa ɗa. Kafin yamma ta gane. Ta kai ɗanta maƙabarta, ta dawo ta zama almajirarsa. Buda bai tayar da yaron ba, bai kuma yi mata alkawarin za ta sake ganinsa ba. Ya buɗe mata ido ta ga cewa duk abin da aka haifa mai shuɗewa ne, kuma riƙon da take yi ne ke ƙona ta. Akwai tausayi mai yawa a cikin wannan, irin tausayin likitan da ba ya yi wa majinyaci ƙarya.

Na biyun ka san shi, yana cikin Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Betanya. Marta ta tari Yesu da magana mai kama da ƙorafi: da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Bai ce mata ta saki ba. Ya ce shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Ya tsaya a bakin kabarin ya yi kuka, sannan ya kira mamacin da sunansa.

Ka zauna da waɗannan labarai biyu, domin tambayarka tana cikinsu. Buda ya warkar da mai makoki ta hanyar raba ta da riƙo. Yesu ya ɗauki mutuwa a matsayin abokiyar gaba da za a kayar, ya kuma nuna cewa wanda ya mutu yana nan, yana da suna, ana iya kiransa ya amsa.

Daga nan tambayoyi biyu suke fitowa. Ta farko: akwai wanda ke jin ka? Siddatta Gotama, wato Buda, wanda aka haifa a Lumbini da ke Nepal ta yau kimanin ƙarni biyar kafin Almasihu, ya bar gida yana da shekara 29, ya samu abin da mabiyansa ke kira wayewa yana da 35 a Bodh Gaya, ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da 80 a Kushinagar. A duk koyarwarsa babu Mahalicci. Tsofaffin littattafan addinin, da ke cikin harshen Pali, sun ambaci alloli da yawa, amma su ma haifarsu ake yi su mutu, har akwai wurin da aka ba da labarin wani babban allah da ya ɗauka shi ya halicci sauran alhali kuskure ya yi. Da wani almajiri ya matsa masa da tambayoyi a kan ko duniya tana da farko da ƙarshe, sai ya ba shi misalin mutumin da aka harba da kibiya mai dafi, ya ce ba za a cire ba sai an faɗa masa wa ya harbe shi, ɗan wane gida ne, da wane irin baka. Kafin ya samu amsa zai mutu. Abin da Buda ya sa a gaba shi ne cire kibiyar: akwai wahala, tushenta ƙishirwar zuciya ce, ana iya kashe ƙishirwar, ga kuma hanya mai rassa takwas ta yin hakan. A cikin Dhammapada, littafin baitocin koyarwar Buda, an ce ku ne za ku yi ƙoƙarin, su Buda nuna hanya kawai suke yi. Bangaskiyar Katolika kuwa daga "Na ba da gaskiya ga Allah ɗaya, Uba Mai Iko Duka" ta fara, kuma Yesu cewa ya yi shi ne hanyar. Addu'ar Kirista magana ce da wani. Ceto kyauta ce da ake karɓa, abin da muke kira alheri, mutum ba ya ƙera wa kansa shi komai ƙoƙarinsa.

Gaskiya ta sa in ƙara da cewa addinin Buda ba bakinsa ɗaya ba. Wanda ka ɗanɗana daga reshen Theravada ya fito, na Siri Lanka da Myanmar da Tailan. A Japan akwai ɗarikar da Shinran ya kafa, wanda ya rasu a 1263, tana koyar da cewa mutum ba zai iya ceton kansa ba, sai dai ya dogara ga alkawarin Buda Amida. Wannan ya yi kusa da maganar alheri ƙwarai. Duk da haka ko su ba su ce Amida ne ya halicci sama da ƙasa ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko shafar ka a yanzu: wane ne kai, kuma ina Baba yake? Buda ya koyar da cewa in ka bincika mutum za ka samu abubuwa biyar ne a haɗe, jiki, ji, ganewa, ƙudurorin zuciya da sani, kowannensu yana canzawa, babu wani dawwamammen "ni" a ƙarƙashinsu. Ana sake haihuwa bisa ga ayyukan da aka yi, wato kamma, amma abin da ke wucewa kamar wutar da aka kunna daga wata fitila zuwa wata ne: ba za ka ce ita ce ta farkon ba, ba za ka ce wata dabam ba ce. Ƙarshen tafiyar, Nibbana, ma'anar kalmar mutuwar harshen wuta ce, wutar kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci, daga nan babu sake haihuwa. Ikilisiya kuwa tana cewa Allah ya halicci kowane rai sau ɗaya, ya san shi da sunansa. Ibraniyawa 9:27 ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, kuma Katekizim na 1992, littafin koyarwar Ikilisiya, ya faɗa a fili cewa babu sake haihuwa bayan mutuwa. Muna sa zuciya ga tashin jiki. Shi ya sa muke sa a yi Mas domin mamatanmu, muke zuwa maƙabarta ranar 2 ga Nuwamba. Mabiya Buda ma suna yin sadaka ga sufaye su miƙa ladan ga mamaci, na ga ana yi da hawaye da ƙauna. Sai dai ba sa jiran ranar da za su sake ganin wannan mutumin a matsayin mahaifinsu har abada.

A wannan gaɓa ce wani masani ya juyo. Paul Williams, wanda ya taɓa zama farfesan falsafar Indiya da Tibet a Jami'ar Bristol ta Ingila, ya yi kusan shekara 20 yana bin addinin Buda, sannan ya shiga Katolika. Cikin dalilansa akwai cewa in wanda za a sake haifa ba shi ba ne, to shi da iyalinsa da duk wanda yake ƙauna sun ƙare ke nan a mutuwa, kuma ya kasa samun amsar me ya sa akwai wani abu maimakon babu komai. Akwai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar, Turawa da Amurkawa masu yawa da suka tashi a coci suka koma Buda, galibi saboda sun kasa haɗa Allah mai ƙauna da irin wahalar da ke duniya. Wannan tambaya mai nauyi ce, kuma Kirista ba shi da amsar da ta wuce ya nuna gicciye ya ce Allah da kansa ya shiga cikin wahalar.

To, za ka iya riƙe duka biyun? A wasu abubuwa, ƙwarai kuwa. A taron Batikan na biyu, ranar 28 ga Oktoba 1965, Ikilisiya ta fitar da takardar Nostra Aetate wadda ta ambaci addinin Buda da suna, ta ce ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya ne kuma mai tsarki a cikin sauran addinai. Hugo Enomiya-Lassalle, fada ɗan Jamus na ƙungiyar Jesuit wanda ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, ya yi shekaru yana zaman Zen, halwar mabiya Buda na Japan, yana kuma koyar da shi, bai daina yin Mas ba. Thomas Merton, sufin Katolika daga Amurka, ya gana da Dalai Lama, jagoran mabiya Buda na Tibet, sau uku a Dharamsala a Nuwamban 1968, 'yan makonni kafin ya rasu a Tailan ranar 10 ga Disamba. Namu Kadinal Francis Arinze shi ya jagoranci ofishin Fafaroma na hulɗa da sauran addinai har zuwa 2002, kuma ofishin yana aika wa mabiya Buda saƙon gaisuwa duk shekara a bikinsu na Vesak. Amma a 1989 Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya rubuta wa bishop-bishop wasiƙa yana jan kunne: ana iya amfani da hanyoyin natsar da jiki da zuciya, sai dai kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a matsayin saduwa da Allah. Ina ganin wannan jan kunnen ya dace da kai, kuma malamin Vipassana na kirki ma zai ce maka kada ka manne wa daɗin zama.

Saboda haka zama da bin numfashi, da dokoki biyar na kada ka kashe rai, kada ka yi sata, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye, ba abin da zai raba ka da baftismarka a cikinsu. Inda ba za a iya haɗawa ba shi ne ka tsaya ranar Lahadi ka ce ka ba da gaskiya ga Mahalicci da tashin matattu, ranar Litinin kuma ka riƙe cewa babu Mahalicci, babu rai mai dawwama. A nan ba a bin zomo biyu. Na san akwai masana da ke kiran kansu mabiya duka biyun, amma in ka karanta su da kyau za ka ga sai da suka sauya ma'anar ɗaya kafin ya zauna da ɗayan.

Wani abu game da inda kake zaune. Yawancin mabiya Buda a jihar Maharashtra sun samo asali ne daga ranar 14 ga Oktoba 1956, lokacin da Dokta Ambedkar ya karɓi addinin a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mutanen da tsarin fifikon asali na Indiya ya mayar ƙasƙantattu. A wurinsu addinin Buda mutunci ne da 'yanci kafin ya zama halwa. In abokinka daga cikinsu yake, ka tambaye shi labarin kakanninsa, ka saurara da girmamawa. Za ka ga shi ma addininsa gadon gida ne da aka biya da tsada, kamar yadda naka yake.

Ni dai abin da ya tsayar da ni a Katolika, bayan duk abin da na gani a Kandi, shi ne na duba kaina na ga damuwata ta wuce rashin natsuwa. Ina da laifuffukan da nake buƙatar a gafarta mini, kuma numfashi ba ya gafartawa. Kamma ba ta da kunne, sakamako kawai take bayarwa. Ina kuma da mutanen da na binne waɗanda ban yarda ƙaunar da nake musu ciwo ce da za a warkar ba. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya ce Allah ya yi mu domin kansa, zuciyarmu ba za ta huta ba sai a cikinsa. Wannan ƙishirwa ce, kuma ni na gaskata akwai ruwan da aka yi ta dominsa. Sufin da ya koyar da ni zai ce mini wannan ƙishirwar ita ce sarƙar ƙarshe da ta rage in tsinke, kuma ya faɗi haka ne da fuskar mutumin da ya samu salama. Ban raina amsarsa ba har yau.

Kada ka yanke hukunci cikin makoki. Shekara guda bayan rashin uba, zuciya ba ta gama dawowa ba. Ka ci gaba da zamanka na safe in yana taimakonka. Ka nemi gidan halwa na 'yan Jesuit, suna da su da yawa a Indiya, ka yi kwana takwas na shiru tare da mai ba da shawara, don sikelinka ya daidaita. Ka karanta Bisharar Yohanna daga farko zuwa ƙarshe, ka karanta Dhammapada, baitoci 423 ne kawai, ka bar kowanne ya yi magana da bakinsa. In an gayyace ka ka furta neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa a matsayin shiga addinin, ka dakata sai ka tabbata, domin su ma ba wasa suke yi da wannan furuci ba. Haka kuma in ka kai inda ba ka gaskata abin da ke kan bagade ba, ka je Mas ka zauna, amma ka bar karɓar Jibin Ubangiji har sai ka yi magana da fada.

Game da Mama, kada ka ɗora mata wannan ta waya tana cikin takaba. Ba ɓoye mata nake so ka yi ba, magana ce ta zama ido da ido in ka dawo hutu. Abin da za ka iya yi yanzu shi ne ka kira ta ka tambaye ta ranar da za a yi Mas na cika shekarar Baba, ka je coci a Pune a wannan ranar, ko da bakinka bai iya furta komai ba. In ka fito, ka rubuto mini ka faɗa mini ko da wani ka ji kana magana a cikin shirun.